Daga Tsibirin Gobir zuwa tsibirin Gore: yini guda da ya cancanci a ajiye ciniki dominsa

Duk wanda ya tashi a jahar Maraɗi ya san Tsibiri, garin Sarkin Gobir da ke cikin gundumar Gidan Runji. To amma namu Tsibirin a mota ake shigarsa, ko a babur, ko ma a amalanke. Tsibiri na ainihi, wato ƙasar da ruwa ya zagaye ta ko ta ina, har ba a isa gare ta sai da jirgi, yawancinmu a baki kawai muka san shi. Ruwan da muka saba gani shi ne Gulbin Maraɗi mai zuwa da damina ya ƙafe da rani, sai tafkin Madarumfa. Daga nan kuwa zuwa bakin teku, ko ta Legas ka bi ko ta Kwatano, sai ka ci fiye da kilomita 1,000 a mota.

Duk da wannan nisa, ƴan kasuwarmu na Agye, Gazawa da Gidan Runji ba baƙi ba ne a garuruwan bakin teku. Sai dai tafiyar tamu kullum iri ɗaya ce: a sauka, a shiga kasuwa, a saya, a ɗaure, a loda, a juyo gida. In aka ce wa Hajiya ta ware yini guda ta ga gari, sai ta ce nema ya kawo ta, ba yawon buɗe ido ba. Da gaskiyarta, domin kuɗin masauki da na abinci ba sa jiran kowa. Amma akwai wuri ɗaya da nake ganin duk wanda Allah ya kai shi Dakar, babban birnin Senegal, bai kamata ya juyo bai taka shi ba, shi ne tsibirin Gore. Dalili kuwa, Gore kasuwa ce da ta ci ta tashi, kuma ba wanda zai fahimci labarinta kamar mai saye da sayarwa.

Abin da ke kai mu can

Abu uku ke kai mutanenmu Senegal. Akwai masu zuwa ziyara Kaulaha, unguwar Madina Baye, inda Shehu Ibrahim Inyass yake kwance tun rasuwarsa a 1975; daga can zuwa Dakar kimanin kilomita 190 ne. Akwai mata masu zuwa sarin kaya a kasuwar HLM, wadda ta yi suna wajen shadda, leshi da ɗinkin mata. Akwai kuma iyayen da ƴaƴansu ke karatu a jami'ar Cheikh Anta Diop. A 2024 da 2025 Mauludi ya faɗo a watan Satumba, kuma da yake kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, zai yi shekaru yana faɗowa cikin babban hutun lakwal. Ke nan mai hali zai iya haɗa ziyara, saye, da nuna wa yaro duniya a tafiya guda.

Lokacin babban hutu damina ce a Dakar. Gari na da zafi mai gumi, ruwan teku na da ɗumi, don haka mutanen gari ke cika bakin ruwa da yaransu. Wanda kuma ya je da bazara, a watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, zai iske iska mai sanyi na busowa daga teku, da ƙyar zafi ke kaiwa 30.

Ta fuskar kuɗi ba wata wahala. Sefarmu ita ce tasu, hasali ma a Dakar hedkwatar babban bankin BCEAO take. Jakar da ke cikin lalitarki a kasuwar Gazawa, jaka ce a can, ba ruwanki da ƴan canji. Nijar, Mali da Burkina sun fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, amma suna nan cikin ƙungiyar UEMOA mai kuɗin sefa. Duk da haka a tafi da takardu cikakku: fasfo, katin rigakafi, da takardar haihuwar duk yaron da aka riƙo tare da izinin mahaifinsa.

Hanya ce ke son a yi shawara. Daga Maraɗi zuwa Dakar ta Yamai, Wagadugu da Bamako ya haura kilomita 3,000, kuma wasu sassan hanyar ba su da tsaro; a watan Satumban 2025 an soma kai hare-hare kan motocin dakon mai a yankin Kayes, inda hanyar Bamako zuwa Dakar ta ratsa. A tambayi waɗanda suka dawo kwanan nan kafin a yanki tikiti. Mai halin jirgin sama zai sauka a filin Blaise Diagne da aka buɗe a 2017, kimanin kilomita 50 daga cikin gari. In an isa a maida agogo baya da awa guda, don kada a yi ta ganin laifin ladanin unguwa.

Yadda ake hayewa

Tashar jirgin Gore tana cikin babbar tashar jiragen ruwa, dab da tashar jirgin ƙasa ta Dakar. Ba a shiga sai an nuna takarda a ƙofa. Kuɗin jirgi hawa-hawa ne: na mazaunin Senegal daban, na ɗan Afirka daban, na Bature daban, saboda haka ki nuna fasfonki tun a wurin yankar tikiti, kada a caje ki kuɗin Turawa. Tikitin na zuwa da dawowa ne, a adana shi. Jirgin babba ne mai hawa biyu, yana tashi sau da yawa daga safe har dare, kuma tafiyar kimanin kilomita 3 ce, minti 20 an isa.

Tun a cikin jirgi ƴar kasuwa za ta ga sana'a. Matan da ke da rumfuna a tsibirin jirgi ɗaya suke shiga da baƙi. Sai ta zauna kusa da ke, ta gaishe ki, ta faɗa miki sunanta, ta tambayi naki, ba ta nuna miki ko tsinke ba. In kin sauka kika biyo ta gaban rumfarta, da sunanki za ta kira ki, kunya kuma ta hana ki wucewa. Ta gama rabin ciniki tun kan ruwa.

Tsibirin ƙarami ne ƙwarai. Tsawonsa kimanin mita 900, faɗinsa kimanin 300, kuma ƙidayar 2013 ta nuna mutum 1,680 ke zaune a kansa. Babu mota ko guda, sai lunguna masu rairayi da tsofaffin benaye masu jan fenti da rawaya. Da an sauka akwai ɗan harajin gari da baƙo ke biya. Akwai masu jagora, amma a yi ciniki da su kafin a ɗaga ƙafa, kamar yadda ake yi da ɗan dako. A kuma guji ranar Litinin, domin an saba rufe gidajen tarihi a ranar.

Gidan Bayi

Turawan Fotugal ne suka fara isa tsibirin a 1444. Bayansu mutanen Holan suka riƙe shi, su ne ma suka raɗa masa sunan da ya koma Gore. Mutanen ƙasa kuwa Ber suke kiransa. Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingila ta sha karɓewa tana maidowa, har ya tabbata a hannun Faransa a 1817. Me ya sa manyan ƙasashe ke faɗa a kan ɗan dutsen da bai kai wata gonar gero girma ba? Saboda jirgi na samun wurin fakewa a gefensa, kuma wanda ya tara kaya a kai ya huta da fargabar hari daga tudu. Sito ne da teku ke gadinsa. Kayan kuwa su ne ƙaro, fatu, kakin zuma, zinariya, da kuma mutane.

Gidan da kowa ke zuwa gani shi ne Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776, aka maida shi gidan tarihi a 1962. Marigayi Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya rasu a 2009, shi ya shafe fiye da shekara 40 yana ba baƙi labarinsa har duniya ta san shi. In ka shiga tsakar gidan za ka ga matakala biyu sun lanƙwasa sun hau bene, inda masu gida ke zama suna shan iska. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan ɗakuna masu duhu da laima: na maza, na mata, na ƴan mata, na yara. Masu jagora za su nuna maka ɗakin awo, inda suka ce namijin da bai kai kilo 60 ba akan ware shi a yi ta ba shi abinci har ya cika, yadda ake turkar rago kafin Layya. Tsakanin matakalan biyu wani siririn lungu ya miƙe zuwa wata ƙofa da ke buɗewa kan teku. Ita ce ake kira ƙofar da in an fita ba a dawowa.

A nan akwai maganar lissafi, kuma ɗan kasuwa ya san bambancin lissafin baki da na takarda. An daɗe ana faɗa wa baƙi cewa miliyoyin mutane sun bi ta Gore. Masana tarihin da suka bi littattafan jiragen ɗaya bayan ɗaya sun ce abin bai kai haka ba: waɗanda aka fitar ta wannan tsibiri dubbai ne masu yawa, amma ba miliyoyi ba, domin manyan tashoshin suna can kudu, irin su Wida, Legas, Boni da Luwanda. Jimillar da suka samu a duk Afirka ita ce mutum kimanin miliyan 12 da rabi aka loda a jirage cikin shekara 350, waɗanda suka isa da rai kuwa miliyan 10 da dubu 700. Sauran teku ta cinye su. Wannan gyara bai rage wa Gore komai ba, domin nan ne ɗakunan suka tsira har ido ke iya ganinsu. Shi ya sa UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978, kuma shi ya kawo Nelson Mandela a 1991, da Paparoma Jean-Paul na biyu a 1992, wanda ya nemi gafara a wurin, da Barack Obama a 2013.

Mu ta ina aka fitar da namu?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin wasu ne. Hausawa ba ta Gore aka fi fitar da su ba, amma an fitar da su. A ƙarni na 19, bayan jihadi, sarakunan Katsina na dauri sun kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836, aka yi shekaru ana gwabzawa tsakaninsu da Katsina da Sakkwato. Kowane ɓangare in ya ci gari yakan kwashi mutane. Wasu aka yi arewa da su ta Damagaram da Agadas zuwa Tarabulus. Wasu kuma, tun kafin wannan lokaci da bayansa, aka yi kudu da su ta ƙasar Nufe da ta Yarbawa zuwa Legas, Badagiri da Wida, daga nan sai Bahiya ta ƙasar Brazil.

Can ma ba su kwanta ba. A 1807 hukuma ta gano shirin tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador, a 1809 da 1814 kuma suka tashi da gaske. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi suka yi babban tawaye, yawancinsu Yarbawa tare da Hausawa, aka iske layu da rubutun Arabiyya a jikin waɗanda suka faɗi. Don haka in kin tsaya a bakin waccan ƙofa, ki sani wata irinta ta haɗiye ɗan wata uwa mai magana da harshenki.

Matan da suka riƙe kasuwar Gore

Ga abin da zai ba mata mamaki. Yawancin manyan gidajen tsibirin mata ne suka mallake su. Ana kiransu sinyar. Mata ne ƴan ƙasa, ko ruwa biyu, da suka auri fataken Turawa bisa al'adar gari. Bature in wa'adinsa ya cika ya koma ƙasarsu, gida da jari su zauna hannun matar. Da haka suka mallaki benaye da jiragen ruwa, suna aika wakilai tudu sayen ƙaro da fatu, suna ba da bashi, suna adon zinariya. Wadda ta fi suna cikinsu ita ce Anne Pépin, kuma danginta ne suka gina Gidan Bayi. Ke nan iya kasuwancin mace ba yau ya fara ba.

Sai dai dukiyar tasu da gumin bayi aka tara ta. A ƙarshen ƙarni na 18 fiye da rabin mazauna tsibirin bayin gida ne: magina, masassaƙa, matuƙan jirgi, masu daka da wanki. Uwar gida na bene, baiwa na ƙasa, kuma a lokacin ba mai ganin aibin haka, sana'a ce kamar kowace.

A nan ne ziyarar ke taɓa mu. A ƙasarmu sai a 2003 aka kafa dokar da ta maida bautar da mutum babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 a 1996 kan jaka 240, sai da ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda ta yanke hukunci a Yamai ranar 27 ga Oktoban 2008 cewa gwamnati ta kasa kare ta, a biya ta diyyar miliyan 10. A watan Maris na 2022 kuma gwamnati ta tura jirage suka kwaso ƴan Nijar fiye da 1,000 daga titunan wannan Dakar ɗin, yawancinsu mata da yara masu bara. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aikatau ko talla daga asuba har dare, ladanta na shiga hannun wata dillaliya, ita ba lakwal ba makarantar allo, ba a sa mata sarƙa ba, amma wani ke cin guminta. Hajiya, in kin fito daga ɗakin yara na Gidan Bayi, ki tuna da wadda ke kwana a zauren gidanki ko a bayan rumfarki. Riba halal ce, amma mutum ba haja ba ne.

Yadda kasuwar ta tashi

Faransa ta soke bauta a 1848. Gore ba ta mutu nan take ba, ta koma cinikin gyaɗa, amfanin gonar da mu ma ya ɗaga Maraɗi daga baya. To amma gyaɗa kaya ce mai cin wuri, tsibirin kuwa ƙarami ne, ga ƙarancin ruwan sha. A 1857 Faransawa suka kafa sansani a Dakar da ke tudu, a 1885 aka buɗe layin dogo daga Dakar zuwa Saint-Louis, a 1902 kuma Dakar ta zama hedkwatar duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Manyan ƴan kasuwa suka kwashe sitocinsu suka haye. Garin da ya kusa mutum 5,000 a tsakiyar ƙarni na 19 ya koma ƙasa da 1,000 a shekarun 1930. Ba yaƙi aka yi ba, ba gobara ba, hanya ce kawai ta kauce.

Wannan darasi mun sha shi da bakinmu. Da fari ya karya noman gyaɗa a shekarun 1970, waɗanda suka tsira su ne suka juya ga cinikin kan iyaka. Da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, masu aya, riɗi da wake na Agye da Gazawa sun ji a jikinsu. Bayan Yulin 2023 kayan da aka saba ɗaukowa ta Kwatano suka koma bin Lome da Burkina, kuɗin dako ya hau, farashi ya bi shi. A watan Fabrairun 2021 kuma aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara gudu a kansa, wata kasuwa za ta cika, wata ta rage. Mai rumfa da ya zagaya kangayen Gore zai dawo yana tambayar kansa: ta wace hanya abincina ke zuwa, in ta toshe kuma ina na nufa?

Lakwal ɗin da ta yaye shugabanninmu

Da kasuwa ta tashi, karatu ya maye gurbinta. Daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930, a Gore lakwal William Ponty take, wadda ke horar da malamai da ma'aikata na duk ƙasashen rainon Faransa. Nan Boubou Hama ya yi karatu, ya fito a 1929 a matsayin malamin lakwal na farko ɗan Nijar, daga baya ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. Nan Diori Hamani ya yi karatu, ya dawo ya koyar a Yamai da Maraɗi kafin ya zama shugaban ƙasa na farko a 1960. Houphouët-Boigny na Kodebuwa da Modibo Keita na Mali duk sun bi ta nan. Ginin ya tsufa, amma yana tsaye. A nuna wa yaro shi, a faɗa masa cewa yara irinsa sun taso daga ƙasar nan ba kwalta ba jirgin sama, suka yi makonni a hanya don neman ilimi.

Ita kuma yarinya a nuna mata lakwal Mariama Bâ, ta kwana, wadda ke ɗaukar ƴan matan da suka fi kowa maki a jarrabawar shiga kwaleji a duk faɗin Senegal. A tsibirin da aka taɓa ware ɗaki don ƴan matan sayarwa, yau ƴan mata ke zaune suna shirin zama likitoci da injiniyoyi.

In azahar ta yi, akwai masallacin dutse da aka gina a 1890 a gindin tudun da ake kira Kastel, ruwa na dukan bangonsa. A kan tudun akwai manyan igwa na zamanin yaƙin duniya, kuma daga nan ana hango Dakar gaba ɗaya. Abincin rana kuwa a nemi cebujen, dafa-dukar shinkafa da kifi da kayan lambu, wadda ita ma UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2021. A tambayi farashi kafin a zauna, don na bakin tasha ya fi na cikin lungu tsada.

Ngor da Madelen

Wanda ya haye da jirgin safe zai iya dawowa Dakar kafin la'asar, ya ƙarasa yininsa a tsibirin Ngor da ke arewacin birnin. Shi wannan mita 400 kawai ke tsakaninsa da tudu, da kwalekwale mai inji ake hayewa cikin ƴan mintuna. Yankin na masunta ne ƴan ƙabilar Lebu. Wurin hutu ne: rairayi, ruwa mai kwanciya ta gefen da ke kallon gari, da mata masu gasa kifi. Kusa da nan ne Almadi, inda ƙasar Afirka ta ƙare ta yamma.

Tsibiran Madelen kuwa sai an ware musu wata safiyar. Suna da nisan kimanin kilomita 4 daga gaɓa, ba kowa a kansu sai tsuntsayen teku da wasu gajerun kukoki da iska ta hana su tsawo. Tun 1976 gwamnati ta killace su, ba a shiga sai da izinin ma'aikatan gandun daji, ba shago, ba ruwan sha, ba inuwar kirki. Mutanen Lebu na cewa nan ne mazaunin Lek Dawur, aljanin da ke tsaron Dakar. Baƙo ba ya raina abin da masu gari ke girmamawa, yadda mu ma ba za mu so a yi wasa a kaburburan waliyyai 99 na Madarumfa ba. Daga bakin ruwan Sumbejun ake tashi, kuma ko ba a haye ba, wurin ya isa kallo da yamma, lokacin da kwalekwale ke dawowa mata na tarbarsu da bahuna ana cinikin kifi.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne

Sai babbar magana. Mu mutanen tudu ne, ɗaya cikin da yawa ya iya iyo, kuma wanda ya iya a tafki bai iya a teku ba, domin igiyar ruwa ja take yi ta ƙasa. Kowane babban hutu sai an yi asarar yara a bakin ruwan Dakar, har hukuma ta haramta wanka a wurare da dama.

Mutanen Senegal ba za su manta da daren 26 ga Satumban 2002 ba. Jirgin Joola, mai jigila tsakanin Ziguinchor da Dakar, wanda aka ƙera don mutum ƙasa da 600, ya ɗauki kusan 2,000 ya kife a gaɓar Gambiya. Lissafin gwamnati ya nuna mutum 1,863 suka rasu, 64 kawai suka tsira, mace ɗaya tak a cikinsu. Da yawa daga cikin mamatan mata ne ƴan kasuwa masu kai kaya Dakar, da ƴan lakwal da ke komawa bayan hutu. Lodi fiye da kima ne ya haɗu da iska. Mu da muka saba ganin an cusa mutum 20 a motar mutum 9 ranar kasuwa, mu sani mota in ta lalace ana sauka a tura, jirgi kuwa ba wurin sauka.

Saboda haka kada a shiga kwalekwale sai an sa rigar da ke hana nutsewa, a ɗaure ta da kyau, ta yaro ta zama daidai jikinsa. In an ga an cika shi, a jira na baya. In hadari ya haɗo ko masunta sun ce ruwa ba kyau, a fasa. Kada a tashi tsaye don ɗaukar hoto, kada kowa ya karkata gefe guda. A tattare zane da mayafi, domin tufa mai yawa in ta jiƙe nauyi take yi. Kuɗi, fasfo da salula a ƙulle su cikin leda. Mai jin jiri ya ci abinci kaɗan, ya riƙe lemun tsami ko citta, ya riƙa kallon nesa. Yaro kuwa kada hannunsa ya bar naki a bakin ruwa. A kuma tambayi lokacin jirgin ƙarshe tun da aka sauka.

Lissafin yinin

In aka haɗa kuɗin jirgi, haraji, shiga gidan tarihi da abinci, bai kai ribar turmi kaɗan na shadda ba. Shaddar za a sayar, a ci ribar, a manta. Amma wanda ya shiga ɗakunan nan ya fito, da wuya ya sake kallon yaron shagonsa ko ƴar aikin gidansa yadda ya saba, kuma da wuya ya sake jingina duk jarinsa a kan hanya ɗaya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda Allah ya nufa da tafiya bana, ya ware yinin nan tun a gida, ya sa shi cikin lissafin guzuri, ya kuma tafi da yaro ko yarinya in da hali.

Allah ya kai lafiya ya dawo da kowa lafiya, ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.